Daga Diriyya zuwa Madyana: Wane tarihi Saudiyya ke nuna wa baƙinta?

Shekaru goma da suka wuce, idan tsofaffin abokai a Kano ko Maraɗi suka haɗa kuɗi domin zuwa Saudiyya tare, an san inda tafiyar za ta fara da inda za ta ƙare: Jidda, Makka, Madina, sai ziyarar Uhudu da Masallacin Kuba da Kiblataini, sannan tsaraba. Riyadh kuwa birnin ma'aikatu da ofisoshin jakadanci ne, ba a zuwansa sai da dalilin aiki.

Yanzu daga Riyadh ɗin ake tsara wata irin tafiya dabam. Gwamnati na gayyatar duniya ta zo ta ga kaburburan da aka sassaƙa a jikin duwatsu tun kafin Musulunci, da garuruwan da sunayensu suka zo a Alƙur'ani da Baibul, waɗanda a da hatta 'yan ƙasar ke kauce musu. Cikin masu amsa gayyatar har da ayarin Kiristoci daga Amurka, masu neman sawun Annabi Musa (AS) a hamadar Tabuka.

Sauyin babba ne, kuma ya shafi Hausawa, waɗanda suka fi shekara ɗaruruwa suna takawa zuwa ƙasar. Sai dai gwamnati ce ke zaɓen tarihin da za a nuna, ita ce kuma ke zaɓen baƙon da za a sauƙaƙa wa shigowa.

Yadda aka buɗe ƙofa

Tushen lamarin tattalin arziki ne. A watan Afrilun 2016 Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da shirin da aka yi wa laƙabi da Muradun 2030, domin rage dogaron ƙasar ga man fetur. A wannan watan ne aka ƙwace wa 'yan hisba ikon kama mutane. A watan Satumban 2019 aka fara bayar da bizar yawon buɗe ido ta intanet ga 'yan ƙasashe 49, abin da ba a taɓa yi ba.

Burin farko shi ne samun masu ziyara miliyan 100 a shekara kafin 2030. Hukumomi sun ce an kai wannan adadi tun 2023, don haka aka ɗaga shi zuwa miliyan 150. Amma akwai bayani a cikin lissafin: mafi yawan mutanen 'yan ƙasa ne da mazauna cikinta masu tafiya daga gari zuwa gari. Waɗanda suka shigo daga waje kimanin miliyan 27 ne, kuma a cikinsu akwai alhazai da masu Umara. Har gobe ibada na cikin manyan abubuwan da ke kai baƙi Saudiyya, abin da gwamnati ke nema shi ne baƙon ya ƙara kwana, ya kuma kashe kuɗi a wajen Harami biyu.

Diriyya da sabon karatun tarihi

Mai son fahimtar manufar sai ya fara da Diriyya, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar Riyadh. A nan unguwar Ɗuraif take, wadda aka gina da tubalin ƙasa irin wanda Bakano ko Bakatsine zai gane da kallo ɗaya. Ita ce fadar daular Sa'ud ta farko, har zuwa 1818 lokacin da rundunar Ibrahim Fasha ta Masar ta ci garin da sunan Daular Usmaniyya, ta kuma rusa shi. Hukumar UNESCO ta sanya unguwar cikin kayan tarihi na duniya a 2010. A ƙarshen 2022 aka buɗe ta ga jama'a, kuma aikin raya yankin baki ɗaya an ƙiyasta zai ci fiye da dala biliyan 60.

Shekara da shekaru an koyar da cewa ƙasar ta samo asali ne daga alƙawarin 1744 tsakanin sarkin Diriyya, Muhammad bin Sa'ud, da Shaihu Muhammad bin Abdulwahhab. A watan Janairun 2022 Sarki Salman ya ayyana 22 ga Fabrairu a matsayin Ranar Kafa Ƙasa, aka ɗauko lissafin daga 1727, shekarar da Muhammad bin Sa'ud ya hau mulki. An tura farkon labarin baya da shekara 17, zuwa lokacin da malamin bai shigo cikinsa ba. Masu nazari da dama sun karanta wannan a matsayin sanarwa cewa gidan sarauta da kishin ƙasa ne ginshiƙi, malamai kuma na biye.

Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Riyadh, wanda aka buɗe a 1999, ya riga ya share fagen. Zaurukansa takwas sun fara ne da halittar ƙasa da daulolin Larabawa na dā, kafin su iso zamanin Annabta. A kusa da shi akwai ganuwar Masmak, wadda Sarki Abdul'aziz ya ƙwato a 1902. Baƙon da ya zaga waɗannan wurare uku a yini guda zai fita da labari ɗaya: tsohuwar ƙasa mai dogon tarihi, wadda zuriyar Sa'ud ta haɗa kanta.

Hijir: wurin da ake wucewa da sauri

Inda sauyin ya fi taɓa zuciyar Musulmi shi ne Hijir, ko Mada'in Salih, kusa da garin Al-Ula, fiye da kilomita 300 arewa da Madina. Duk almajirin da ya yi tilawa ya san Suratul Hijr da labarin Samudawa, mutanen Annabi Salihu (AS), masu sassaƙa gidaje a duwatsu, waɗanda aka halaka bayan sun soke taguwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin a tafiyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga sai dai suna masu kuka, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya iso Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya bi ta Hijir a 1326 tare da ayarin alhazan Sham, ya kuma ba da labarin yadda mutane ke ƙin shan ruwan wurin duk da ƙishirwa.

Wannan wuri shi ne na farko a Saudiyya da UNESCO ta amince da shi, a 2008. Yana da manyan kaburbura 111, kuma rubuce-rubucen da ke jikinsu sun nuna Nabaɗawa ne suka sassaƙa su, mutanen da suka gina Batra a Jordan, galibi a ƙarni na farko Miladiyya. Masu goyon bayan ziyarar na kafa hujja da wannan tazara ta zamani, da kuma ayoyin da ke umarni da tafiya a bayan ƙasa domin ganin ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe. Masu ƙin ta na cewa hadisin ya halatta shiga ne domin wa'aztuwa, kuma da wuya a daidaita hakan da bukukuwan kiɗa da otal-otal na alfarma da suka cika Al-Ula tun bayan kafa hukumar raya yankin a 2017 da yarjejeniyar da aka ƙulla da Faransa a 2018. Muhawarar ba ta mutu ba, sai dai a cikin Saudiyya ba kasafai ake yin ta da babbar murya ba.

Masu neman sawun Annabi Musa

Arewa maso yammacin ƙasar cike yake da sunayen da mai karatun Baibul ya sani. Dedan, tsohon sunan Al-Ula, ta zo a littattafan Ishaya da Irmiya da Ezekiyel. Taima ma haka, garin da Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, ya zauna kusan shekara goma a ƙarni na shida kafin Miladiyya. A garin Al-Bad'a na lardin Tabuka akwai kogunan dutse da ake kira Maga'ir Shu'aib, da rijiyar da mutanen yankin ke dangantawa da Annabi Musa, domin an daɗe ana ɗaukar yankin a matsayin Madyana. A kudu kuma akwai Ukhdud ta Najran, inda sarki Zu Nuwas ya kashe Kiristoci wajajen shekarar 523, abin da malaman tafsiri da yawa ke dangantawa da Suratul Buruj.

Wurin da ya fi jan Kiristocin Amurka shi ne Jabalul Lauz. Tun shekarun 1980 wasu Amurkawa, irin su Ron Wyatt, ke yayata cewa shi ne ainihin Dutsen Sinai, saɓanin wanda aka sani a Masar. Mafi yawan masana kayan tarihi ba su yarda ba, sun ce babu hujja a ƙasa da ta tabbatar da haka. Hakan bai hana kamfanonin tafiye-tafiye shirya ayari ba tun daga ƙarshen 2019, kuma jaridar New York Times ta ba da rahoto a 2023 kan yadda irin waɗannan baƙi suka kasance cikin na farko da suka yi amfani da sabuwar bizar.

Gwamnati ba ta tallata dutsen da sunan Sinai, ba ta kuma hana zuwa. Amma har yanzu babu coci ko ɗaya da ake ibada a cikinsa a fili a ƙasar, duk da ɗimbin Kiristoci 'yan ci-rani da ke aiki a cikinta. Ana maraba da Kirista ya zo kallon dā, ibadarsa ta yau kuwa sai a cikin gida. Yankin kuma yana cikin filin aikin birnin Neom, inda aka tashi 'yan ƙabilar Huwaiɗat, har jami'an tsaro suka harbe Abdurrahim al-Huwaiɗi a watan Afrilun 2020 bayan ya ƙi barin gidansa. Hukumomi sun ce shi ya fara harbi, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun musanta.

Tarihin da ba a adana ba

Akwai abin da dattawan alhazai za su tuna. Ƙasar da ke kashe biliyoyi wajen tallafe kaburburan Nabaɗawa ita ce ta rushe ƙubbobin maƙabartar Baƙi'a a tsakiyar shekarun 1920, bisa hujjar toshe ƙofar shirka. A 2002 aka rusa ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya da ke kallon Ka'aba, duk da ƙorafin Turkiyya, aka gina dogayen benayen nan masu agogo a gurbinta. Tsofaffin unguwannin Makka da dama sun tafi a ayyukan faɗaɗa Harami.

An fara ganin juyi. A 2022 aka sanar da faɗaɗa Masallacin Kuba tare da raya wuraren tarihi da ke kewaye da shi, aka kuma gina cibiyar al'adu a gindin Jabalun Nur, inda Kogon Hira yake. Sai dai abin da aka rushe ba ya dawowa, kuma tarihin baƙin da suka zama 'yan gida, irin su Hausawa da Barebari da Fulani da suka isa Hijaz da ƙafa ta Chadi da Sudan, waɗanda jikokinsu ke ɗauke da sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata har cikin tawagar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, bai cika fitowa a labarin da ake bai wa baƙi ba.

Ina Bahaushe a wannan tafiya?

Najeriya ta samu kujerun Hajji 95,000 a 2025, tana cikin ƙasashe mafiya yawan alhazai. Duk da haka ba ita ba Nijar ba, babu wadda ke jerin ƙasashen da ake bai wa bizar yawon buɗe ido kai-tsaye ta intanet. Wanda ke da izinin zama ko bizar Amurka, Birtaniya ko Tarayyar Turai yana da sauƙi, don haka Bahaushen Landan ya fi na Sakkwato kusa da Al-Ula.

Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta Umara. Tun 2022 hukumomi suka tsawaita bizarta zuwa kwana 90, suka kuma ba mai riƙe da ita damar zaga sauran biranen ƙasar. Ana kuma bayar da bizar tsayawa ta kwana huɗu ga fasinjojin wasu jiragen Saudiyya tun 2023. Dokokin na sauyawa, musamman gab da Hajji, kuma hukumomi na tsaurara hukunci kan masu wuce wa'adi.

Babban shingen shi ne aljihu. Kujerar Hajji a Najeriya ta haura naira miliyan takwas a 2025, bayan faɗuwar darajar naira. An tsara Al-Ula ne domin masu hannu da shuni, kuma daga Riyadh tafiya ce ta fiye da kilomita dubu. Ga ƙungiyar abokai 'yan fansho da suka shekara suna adashi, ƙarin kwana uku na iya zama kuɗin makarantar jika. Ga Kiristocin arewacin Najeriya kuwa, waɗanda hukumar ziyarar ibada ta ƙasa ke kai wa Isra'ila da Jordan, kuma yaƙin Gaza ya dagula musu tafiya tun Oktoban 2023, Saudiyya ba ta shiga jerin hukuma ba.

Riyadh za ta karɓi baƙuncin baje-kolin duniya a 2030, Saudiyya kuma gasar cin kofin duniya a 2034. Kafin nan za a ga ko jerin ƙasashen bizar zai faɗaɗa zuwa Afirka ta Yamma, ko kamfanonin Umara na Kano da Yamai za su fara haɗa Diriyya da Taima cikin tsarinsu, da kuma fatawar da malaman gida za su bai wa mai tambaya ko ya halatta ya tsaya ɗaukar hoto a ƙofar kabarin Hijir.