Daga Bakin Titi: Takalmin Tsohuwar Fijo

A wannan mako labarinmu ya fito ne daga Inkil, can wajen garin Bauchi a kan hanyar Gombe, inda na kai ziyara gidan wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ma'aikacin gwamnati. Na iske shi a ƙofar gida ya tasa motarsa gaba ya yi tagumi. Motar kuwa Peugeot 504 ce, wadda mu ke kira Fijo, haɗin Kaduna, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma har yau in aka murza makulli sau ɗaya ta ke tashi.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ina fa lafiya, ɗana! Na sake wa tsohuwar nan takalmi guda huɗu, tun daga ranar ta sake hali. Tudun da ta saba hayewa yanzu sai ta goga ciki, kuma maleji ya nuna ina gudu, amma kowa wuce ni ya ke yi." Na durƙusa na duba jikin tayar, sai na ga an rubuta 175/65 R14. Na ce a ɗauko mini safaya ta da, ita kuma 175 SR 14 aka rubuta mata. Mai kantin da ya sayar masa, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, cewa ya yi tun da ga 175 ga 14, ai duk ɗaya ne. To, kama da wane ba ta wane, kuma wannan 'yar lambar ta tsakiya ita ce maganarmu ta yau.

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata matasa su san irin motar da a ke magana a kai. An fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 kuma ta ci kambun motar shekara ta ƙasashen Turai. A cikin wannan shekara aka fito da 'yar uwarta mai ƙofa biyu, watau 504 Coupé, motar 'yan ƙwalisa da tsere, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. A tseren Safari na Afirka ta Gabas, 504 mai ƙofa huɗu ta zo ta ɗaya a 1975 a hannun Ove Andersson, sa'an nan a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci da mai ƙofa biyu. A 1975 ne kamfanin PAN ya soma haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yinta. Sirrin wannan mota a hanyoyinmu shi ne tsayinta daga ƙasa da kuma laushin tafiyarta, kuma duka biyun suna rataye a wuyan taya.

Ga yadda a ke karanta rubutun. Lamba ta farko, 175, faɗin taya ke nan da milimita. Ta biyu, 65, tsayin gefen taya ne daga bakin rim zuwa ƙasa, watau kashi 65 cikin ɗari na faɗin. Harafin R yana nufin irin saƙar da kamfanin Michelin ya ƙirƙiro a 1946, wadda kusan kowace tayar ƙaramar mota ke kai a yau. Ta ƙarshe, 14, girman rim ne da inci. Tayoyin da ba a rubuta musu lambar tsakiya, domin an san ta, tana wajen 80. Saboda haka in mutum ya ga 175 R14, sai ya ɗauka 175/80 R14 a ke nufi.

Yanzu sai lissafi. Tayar asali ta motar Baba tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 636 ne. Wadda aka sayar masa kuwa 583 ce. Motar ta sauko ƙasa da fiye da santimita biyu da rabi, shi ya sa ta ke gogar tudu. Tayar ta ragu da kashi takwas cikin ɗari, don haka in maleji ya nuna 100, ainihin gudun bai wuce 92 ba, inji kuwa yana ta ƙarin wahala a banza. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne nauyi. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 82T ko 88S. Lamba 82 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 475, lamba 88 kuwa kilo 560. Harafin kuma iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Ƙaramar tayar da aka yi domin mota marar nauyi, in aka ɗora mata Fijo cike da iyali da buhun masara cikin zafin watan Afrilu a kan hanyar Alkaleri, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

To, in ba a sami 175/80 R14 a kasuwa ba fa? Ƙa'idar ita ce a nemi wadda tsayinta bai kauce wa na asali da fiye da kashi biyu ko uku cikin ɗari ba. 185/75 R14 tsayinta 633 ne, kusan daidai wa daida. 195/70 R14 kuma 629 ce, ita ma ta shiga, sai dai a tabbata faɗin rim zai karɓe ta, kuma a juya sitiyari iyakarsa hagu da dama a ga ba ta taɓa jikin mota. Mai doguwar 504 ta ɗaukar fasinja ya sani tata tayar ta fi ta gajeruwar girma, don haka ya duba littafin motarsa. Tayar da aka sa wa harafin C a ƙarshe, irin 185 R14C, ta bas ce da a-kori-kura. Tana da juriya, amma a gajeruwar Fijo tauri gare ta, laushin nan da aka san motar da shi sai ya gudu.

Ɗan autan Baba yana gefe yana saurare, sai ya ce shi a ganinsa a cire rim ɗin gaba ɗaya a sa mai inci 17 da faffaɗar taya mai siririn gefe, yadda motar za ta yi kama da ta tsere. Na ce masa motocin da suka ci Safari tsayi aka ƙara musu, domin hanyar duwatsu ce da taɓo. Siririn gefe ba shi da wurin shanye bugun rami. Rim ne zai lanƙwashe, ƙafar mota ta sha wuya. Kuma galibin tsofaffin Fijo ba su da na'urar sauƙaƙa sitiyari, faffaɗar taya kuwa sai ta mai da juya kan mota aikin ƙarfi. Wanda kuma Allah Ya ba mai ƙofa biyu ta ƙarshe-ƙarshe ya yi hattara: wasu sun zo da tayar Michelin TRX, wadda rim ɗinta milimita 390 ne, ba ya karɓar tayar inci 15 ko da an ga kamar za ta shiga.

Sai maganar suna. A zamanin ƙuruciyar Baba zaɓin ba wuya, ko Michelin ta Fatakwal ko Dunlop ta Ikeja, duka a nan gida a ke yinsu. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, nagari da na banza. Michelin har yanzu tana yin tayoyi na musamman domin tsofaffin motoci, irin su XAS da ta fito a 1965, amma sai an yi odarsu daga waje, kuɗinsu kuma ba na kowa ba ne. Shawarata ita ce, suna ya zo na uku, bayan girma da shekaru. A jikin kowace taya akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 na 2022. In lambobi uku ka gani, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ka bar ta a inda ka same ta. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kuma motar da ta fi zama a rumfa fiye da hawa titi, tayarta tsagewa ta ke yi tun ƙayarta ba ta suɗe ba. Sabuwar taya ta kamfani matsakaici ta fi mai babban suna da ta shekara goma a rana.

Tayoyin kwance kuwa, da a ke kira 'yan Beljiyam, doka ta hana shigo da su, ko da ya ke ga su nan jibge a kasuwa. Da yawansu na ƙasashen sanyi ne. In ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefenta, robarta mai laushi ce, zafin kwaltarmu cinye ta ya ke yi. Araha ba ta ado. A duba kuma ma'aunin jure zafi da a ke rubutawa da A ko B ko C, a ɗauki A in da hali. Iska kuwa da safe a ke auna ta, kafin mota ta yi tafiya, da ma'aunin mai faci wanda aka amince da shi.

Da na gama, Baba ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shekara arba'in ina tuƙi ban taɓa karanta takalmin motata ba." Ya sa aka kwance tayoyin nan huɗu, ya ce gobe da sassafe zai mai da su da takarda a aljihu, an rubuta lambobin da zai nema. Ku ma masu tsofaffin motoci, ku rubuta naku kafin ku shiga kasuwa. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, amin.