Ina Littafin Gwaggo?

Jama'a, ni Bajibiye ne, kuma a kan hanyar Maraɗi na tashi, kusa da Magama inda motoci ke tsayawa kafin su ƙetara zuwa Ɗan Isa. A nan wata gwaggota take da rumfar shinkafa da wake. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, har zuwa 2022 da aka buɗe ta Jibiya, ciniki ya mutu mata murus, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Zaman banza ya yi yawa, hira ta yi tsawo, kuma a cikin wannan zama ne na ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Wata rana wani tsohon direba Bamaraɗe, wanda motarsa ta maƙale a gefenmu, ya zo sayen abinci. Ya dube ta, ya sake duba, sai ya kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba. Gwaggo ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Bayan ya tafi na ce, "Gwaggo, wane suna ne wannan?" Ta ce, "Kai dai ɗan nan ka cika bin diddigi. Sunan wasa ne." Ashe tana 'yar shekara tara, sa'ad da take riƙo a birni wurin ƙanen ubanta, an ɗauke ta tana fitowa a wani wasan kwaikwayo na talabijin, tana 'yar autar gida mai tsiwa. Direban a kaset ya gan ta a Maraɗi, shekaru aru-aru da suka wuce, bai manta fuskar ba. Ni kuwa da na girma a gindinta, har ina karatun Hausa a jami'a, ban sani ba.

To, a daidai wannan lokaci ne littafin wata Ba'amurkiya ya faɗo hannuna. Sunanta Alison Arngrim. Ita ce ta fito a matsayin Nellie Oleson, muguwar yarinyar nan 'yar mai kanti, a wasan Little House on the Prairie da aka nuna a Amurka daga 1974 zuwa 1983. A 2010 ta buga tarihin rayuwarta. Kafin ita, a 2009, Melissa Gilbert wadda ta fito a matsayin Laura ta buga nata mai suna Prairie Tale, sa'an nan Melissa Sue Anderson ita ma ta fitar da nata a 2010. Watau wasa ɗaya, yara mata uku, littafi uku. Arngrim ta bayyana yadda ake aiki a gaban kyamara cikin zafin rana da kaya masu nauyi, da yadda mutane suka tsane ta a titi saboda sun kasa raba ta da Nellie. Abin da ya fi wannan nauyi, ta faɗi cewa a shekarun ƙuruciyarta wani na cikin gida ya yi ta lalata da ita, kuma daga baya ta shiga fafutukar gyara dokokin kare yara. Duk wanda ya kalli wasan ya ga iyali mai zaman lafiya. Sai da yarinyar ta girma ta yi magana da bakinta aka san abin da ke bayan labule.

Ba ina yabon Turawa ba ne don su Turawa ne. Tambaya nake yi wa ƙungiyarmu da malamanmu: mu ina namu?

Ba a ce ba mu da wasanni ba. Tun 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Wane Bahaushe ne da ya kai shekara hamsin bai san Samanja Mazan Fama ba, da Hausarsa ta bariki wadda ta sa soja da farar hula dariya tare? Wa bai san Karkuzu na Jos ba, ko Ƙasimu Yero wanda ya yi wasa da Hausa ya kuma yi da Ingilishi a Cock Crow at Dawn? Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, watau Samanja, ya rasu a Nuwamban 2023. Karkuzu ya bi su a 2025. Allah ya jiƙansu. Duk sa'ad da ɗaya ya faɗi sai mu cika waya da hotuna da ta'aziyya kwana uku, sa'an nan shiru. A shiga ɗakin karatunmu a ɗauko mini littafin da ɗayansu ya ba da labarin kansa da bakinsa, daga farko har ƙarshe, in ga ni. In manyan maza masu suna haka ta same su, ina ga yaran da ke kawo wa Maigida ruwa a cikin wasa, waɗanda ake aike, ake yi wa faɗa, su yi kuka na gaske don a ji daɗin kallo? Galibi ko sunansu ba ya fitowa a ƙarshen shiri.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na riga na ji su a ɗakin cin abinci. Wani ya ce ai mu mutanen baka ne, ba mu saba da rubuta tarihin kai ba. Wannan magana ba ta da tushe. Abubakar Imam ya bar tarihinsa, an buga shi a 1989. In kuwa an ce ai shi ɗan boko ne, to, Baba ta Karo fa? Tsohuwa ce da ba ta karatu ba ta rubutu, amma Mary Smith ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 tana saurare tana rubutawa, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe duk mai nazarin rayuwar matan Hausa sai ya bi ta kansa. Baturiya ta zo daga Ingila ta yi wannan da alƙalami da takarda. Mu kuwa kowane ɗayanmu yana yawo da na'urar ɗaukar magana a aljihunsa, iyayen namu ne, harshen namu ne, amma mun zauna.

Wani kuma ya ce kunya. Matar aure, uwar 'ya'ya, ta fito ta ce ta taɓa yin wasan kwaikwayo? Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba, domin ita ce ta rufe bakin Gwaggo shekara arba'in. Amma a lura da wanda kunyar take karewa. Gwaggo ta gaya mini ba ta taɓa riƙe ko sisin kwabo na wannan aiki ba. Abin da take tunawa shi ne kwalbar lemo da biskit bayan an gama ɗauka. Ko an biya wani a madadinta, ko ba a biya ba, ba wanda ya gaya mata, ita ma ba ta da bakin tambaya. A Amurka ma haka aka yi ta yi, har sai da Jackie Coogan, yaron da ya fito da Charlie Chaplin a 1921, ya girma ya tarar an cinye dukiyarsa, ya kai uwarsa da mijinta ƙara a 1938. A 1939 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ake kira da sunansa, wadda a yau ta wajabta a ajiye wa yaro ɗan wasa kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu. Magana ce ta haifi dokar. Yau ga yara nan cike da finafinan Kano da shirye-shirye masu dogon zango, ga su nan a bidiyoyin barkwanci na waya. In waɗanda suka riga su ba su faɗi yadda ta kaya da su ba, da wace hujja za mu tambayi inda kuɗin na yanzu ke shiga, ko wa ke kula da makarantarsu?

Akwai kuma masu cewa, ai kaset na nan, wanda ke so ya je ya kalla. Ina kaset ɗin? Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Firayim Minista guda, ɓacewa ya yi shekara da shekaru. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiya, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna a Balin a 2018. In fim irin wannan ya sha da ƙyar, me ake zato ya sami shirin mako-mako da aka ɗauka a kan tef mai tsada, a ƙasar zafi da ƙura? Abin da ya rage na yawancinsu yana cikin kan mutanen da suka yi su, kuma mutanen nan tsufa suke yi.

Ga laifinmu nan, mu ɗalibai, da ku malamai, a gafarce ni. Kowace shekara ana rubuta kundaye a kan jigo da salo a waƙoƙin mawaƙa uku ko huɗu, har an tatse su sun bushe. Ɗalibi ya kawo batun hira da tsohuwar 'yar wasa, sai a tambaye shi wane ra'i zai ɗora aikin a kai. Ra'in zai jira, ba ya ciwon suga, ba ya hawan jini.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan a ajandar taro mai zuwa: duk ɗan ƙungiya da zai tafi hutu ya nemo mutum ɗaya a garinsu da ya taɓa fitowa a wasan rediyo ko talabijin kafin 1990, musamman mata da waɗanda suka yi suna yara, ya nemi izininsa, ya ɗauki maganarsa, ya rubuta ta yadda ya faɗa, da karin harshensa, ba gyara. Wadda ba ta so a ambaci sunanta a sakaya. Mujallar nan ta ware shafi huɗu a kowace fitowa.

Ni na riga na fara. Gwaggo ta yarda, bisa sharaɗi biyu: sai bayan sallar isha'i in ta kwashe tukwane, kuma kada in sa sunanta sai Malam ya amince. Mun yi zama uku, har yanzu ba mu wuce ranar da aka fara kai ta gaban kyamara ba, da takalmin aro da ya yi mata yawa.