Taimakon Lauyoyin Ƙasashen Waje: Abin Da Shari'ar Bakori Ta Nuna

Duk lokacin da aka ta da zancen taimakon da ƙasashen waje ke bayarwa ta fuskar shari'a da kare haƙƙin ɗan Adam, mutanen Daudawa da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa, domin a maƙwabtansu aka yi shari'ar da ta girgiza duniya.

A cikin watan Maris na 2002 ne kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, mutuniyar ƙauyen Kurami, hukuncin jefewa saboda ta haihu ba ta da aure. Ran 19 ga watan Agusta na shekarar, Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Sai ran 25 ga watan Satumba na 2003 ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu suka yarda, ɗaya ya saɓa.

To, a tsakanin waɗannan watanni taimako iri biyu ya shigo daga waje, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba.

Na farko shi ne na hayaniya. An yi ta zanga-zanga a biranen Turai da Amurka, ana aiko da takardun koke, waɗansunsu cike da kuskure, har da masu cewa wai Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar da hukuncin, alhali maganar ba ta ko bar Katsina ba. Abin ya kai ga ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, wadda ta 'yan Nijeriya ce, ta fito a 2003 ta roƙi masu koken da su dakata. Dalilinta a fili yake. A watan Janairu na 2001, bayan irin wannan matsin lamba, an yi wa wata yarinya bulala ɗari a Tsafe ta Jihar Zamfara tun kafin a saurari ƙarar da ake shirin ɗaukaka mata. Hukumar da aka ci wa fuska a bainar jama'a takan gwammace ta nuna ba ta jin tsoro.

Na biyu kuwa bai yi ƙara ba. Ƙungiyar lauyoyin Faransa mai suna Avocats Sans Frontières ta turo masu ba da shawara, amma waɗanda suka riƙe shari'ar 'yan ƙasa ne, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da goyon bayan ƙungiyar WRAPA. Kuma ba da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ci nasara ba. Da fiƙihun Malikiyya da dokokin jihar kanta suka ci. Kotu ta karɓi hujjar cewa wanda ya yi iƙirari yana da ikon janye shi, cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori inda doka ta nemi mutum uku, sannan ga mas'alar kwantaccen ciki, wadda ta sa ana iya jingina ɗan da sakakkiya ta haifa ga tsohon mijinta har tsawon shekaru biyar. Da a ce ƙarfin baƙi ne ya kuɓutar da ita, da hukuncin bai amfani kowa ba bayanta. Da yake hujja ce daga littattafan da alƙalan suka yi karatu a kansu, kowane lauya yana iya kafa ta gobe.

Sai dai akwai abin dubawa. Taimakon waje yakan bi inda 'yan jarida suka taru ne. Manomin Daudawa da aka kama bisa zargin yana kai wa 'yan bindiga rahoto, ko makiyayin da aka tsare saboda kamanninsa kawai, babu mai yi masa zanga-zanga a birnin Faris. Alhali kuwa sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Mutum nawa ne a ƙauyukan nan suka taɓa jin wannan? Kuma da wace zuciya wanda ɗan'uwansa ya kwana wata shida a tsare ba tuhuma zai fita jefa ƙuri'a?

Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don talakan da ba shi da kuɗin lauya, ita ce ya dace masu ba da taimako su ƙarfafa, tare da lauyoyin Funtuwa da Katsina masu jin Hausa da sanin fiƙihu. Kuɗin da ake kashewa a taron bita guda a otel ɗin Abuja, da an juya shi ga kuɗin mota da na takardun ƙara, da lauya ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kowane mako yana tambayar wa aka tsare, tun yaushe, kuma bisa wane laifi.