Manhaja ba ta san damina ba

Ƙannena 'yan sakandare, wannan makon za mu leƙa wani darasi da ake koya mana a jami'a, na yadda ake tsara babban aiki tun daga haƙa tushe har a miƙa makulli.

Abin da ke fara burge ɗalibi shi ne manhajojin. Akwai Microsoft Project, akwai Trello, ko Excel ɗin da kuke gani a ɗakin kwamfuta ma yana yi. Ka rubuta ayyukan, ka ba kowanne kwanakinsa, sai a zana maka jadawalin Gantt, wato layuka a kwance masu nuna ranar farawa da ranar gamawa. Sunan wani injiniya ne Ba'amurke, Henry Gantt, wanda ya yaɗa wannan zane fiye da shekara 100 da ta wuce, tun babu kwamfuta.

Mu ce za a gina ajujuwa biyu a Bungudu. Ba a ɗora kwano sai gini ya kai, ba a gini sai bulo ya bushe, bulo kuwa sai da yashi da siminti. Manhaja za ta ware maka jerin ayyukan da in ɗayansu ya makara da kwana 3, to duk aikin ya makara da kwana 3. Nan kam ta iya, ba na ja da ita.

Sai dai ba ta san in gulbi ya cika a watan Agusta tifa ba ta shiga ɗibar yashi ba. Ba ta san leburorin manoma ne, ruwa na sauka za su koma gona ba. Ba ta san direban da zai kawo kwano daga Funtuwa ta Tsafe ba zai yarda dare ya yi masa a hanya ba, kun kuwa san dalili. Abin da ka faɗa mata shi kaɗai take lissafawa. Hango sauran shi ne rabin darasin da ya fi wuya: ka dubi aiki a dunƙule, ka tambayi kanka, in wannan ya motsa, me zai ja?

Ranar 30 ga Satumba, 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Rahotannin lokacin sun ce ƙofofin sakin ruwa ne suka ƙi aiki. Ƙofa ƙaramin sashe ce in aka gwada ta da madatsa, amma ɗaruruwan gidaje suka tafi. Gulbin nan kuma shi ne ke ratsa Bungudu ya gangara Bakolori, don haka mai kula da ƙofa a Gusau yana riƙe da barcin mutanen da bai taɓa gani ba.

Su kansu manhajojin suna cikin wannan sarƙa. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. Duk wanda jadawalinsa ke zaune a intanet a lokacin, ya rasa hanyar buɗe shi makonni.

Ga aikin gida, ba maki. Ku ɗauki bikin yaye ɗalibai na makarantarku, ku rubuta kujeru, rumfa, janareta, man fetur, lasifika da babban baƙo a takarda, ku ja kibiya daga kowanne zuwa abin da ya dogara da shi. Sannan ku soke man fetur, ku ƙirga kibiyoyin da suka mutu.