Hasashen Damina Ba Duba Ba Ne

A kowace shekara, kafin 1 ga Yuni, masana a Amurka sukan bayyana hasashensu game da yawan guguwar da za ta taso a tekun Atlantika. Da yawa daga cikin manyan guguwar nan kuwa daga sararin samaniyarmu suke samo asali. Hadarin da ke tasowa daga gabas ya ratsa ƙasar Kano a watan Agusta, shi ne wani lokaci yakan wuce Senegal ya riƙa a bisa teku.

To, idan Ba'amurke yana bin sawun hadarinmu, ina dalilin da manomin Ɗambatta zai yi ko oho da shi? Hukumar NiMet takan fitar da nata hasashen a farkon shekara, inda takan nuna lokacin faɗuwar damina, da tsawonta, da yiwuwar ɗaukewar ruwa bayan shuka. Wannan ba kutse ba ne cikin gaibu. Lissafi ne da aka gina bisa ɗumin ruwan teku da awon ruwan sama na shekaru aru-aru. Yakan kuskure, domin abin da ya fi yiwuwa kaɗai yake faɗa. Amma duk wanda ya taɓa binne irin gero da ruwan farko, rana ta ƙone shi, ya san tsadar shuka biyu.

A ganina, wajibi ne Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da malaman gona na KNARDA su riƙa mayar da hasashen nan cikin Hausa, a karanta shi a rediyo da ranar kasuwa, tun kafin a sayi iri. Ruwa na Allah ne, amma shiri na manomi ne.