Kafin a Goge Katako, a Fara Wasa Wuƙa

Ƴan uwa manoma, girbi ya wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin gyaran gida ne. Wani zai sa ƙyaure a ɗakin amarya, wani zai canza katakon amalanke, wani kuma benci yake so na zama a ƙofar gida. Duk waɗannan ayyuka ta hannun kafinta za su bi. Saboda haka nake so mu duba wani ƙaramin ƙarfe tare, wato wuƙar magogin katako, wanda wasu kafintoci ke kira filen. A ganina, yawan katakon da ke lalacewa a ƙauyukanmu na Safo ba laifin icce ba ne. Laifin wuƙa ne da ba a wasa ba.

Kwanakin baya na kai wa wani kafinta katakon dogon yaro, don a yi mini ƙyaure. Ni na shuka icen a bayan gida, ni na yi ta ba shi ruwa yana ƙarami. Yaron shago ya ɗauki magogi ya hau aiki. Yana turawa da dukan ƙarfinsa, magogi yana tsalle, katako yana yagewa. Can sai hannunsa ya zame, sartse ya shige masa tafin hannu. Maigidan ya ce mini: "Malam, icen naka ne mai gardama." Na ce: "Ranka ya daɗe, yaushe rabon wuƙar nan da dutse?" Ya yi dariya, ya ce tun kafin Salla.

Abin ya ba ni haushi, domin mun san wahalar da aka sha kafin icce ya dawo ƙasar nan. Manya suna tune da farin 1973 da na 1984, lokacin da gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 ne wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman jihar Maraɗi a kan renon tohon kututture, abin da muke kira sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itace kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Gaskiya ne, yawancinsu gawo ne da kalgo da sabara, masu ba da inuwa da taki da makamashi, ba katako ba. Icen da ya isa a tsaga kaɗan ne, dajin Baban Rafi kuma ba wurin da kowa zai shiga ya sara yadda ya ga dama ba ne. Katakon kasuwar Maraɗi kuwa daga kudu ake kawo mafi yawansa, da kuɗin mota a kansa. To, abin da ya yi wannan tsada, ya dace a ɓata shi don ƙyashin zama a gaban dutse?

Ga yadda asarar take. Wuƙa mai kaifi tana yanka icce, ɓawo siriri ya fito yana naɗewa. Wuƙar da ta dakushe kuwa finciko shi take yi, ta bar ramuka. Don a ɓatar da ramukan sai a ƙara gogewa. A ce katako kaurinsa milimeta 25 ne, aka ci 3 a wannan fuska, 3 a waccan. Saura 19. Ƙyauren da aka yi da shi ba zai jure dukan ruwan damina kamar na farko ba, kuɗin kuwa ɗaya aka biya.

Wasa wuƙar ba sihiri ba ne. Da farko a duba dutsen. Idan tsakiyarsa ta yi kwari, shi ma gyara yake so: a goga shi a kan siminti mai santsi da ruwa da ɗan yashi, har ya daidaita. Dutse mai kwari ba ya ba da baki madaidaici.

Na biyu, bayan wuƙa. Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Kaifi wuri ne da fuska biyu suka haɗu, don haka in an gyara ɗaya an bar ɗaya, rabin aiki aka yi. A kwantar da bayan wuƙar a kan dutse, kada a ɗaga ta ko kaɗan, a goga har wajen baki ya yi haske daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan aiki yana da cin rai, amma sau ɗaya ake shan wuyarsa ga sabuwar wuƙa.

Sa'an nan a juya ga gangaren baki. Littattafan sana'a suna cewa digiri 25 zuwa 30. Wanda ba shi da ma'auni kada ya damu. Ya duba kaurin ƙarfen. Faɗin gangaren ya zama ninki biyu na kaurin, ko biyu da rabi. In ya fi haka faɗi sosai, baki zai yi siriri ya riƙa ɓantarewa. In ya gaza, wuƙa za ta ƙi cin icce. A zuba ruwa ko ɗan mai, gwargwadon irin dutsen, a riƙe hannu wuri ɗaya, a bi dutsen duka, ba tsakiya kaɗai ba. Za a ci gaba har wani ɗan siririn ƙarfe kamar gashi ya lanƙwaso ta baya. Shi ne shaidar an kai baki. A kwantar da bayan a goge shi sau biyu ko uku, a ƙarasa a kan fata, kamar yadda wanzami yake yi wa askarsa. Gwaji kuma a kan takarda ake yi ko guntun icce, ba a kan yatsa ba.

Ina da jan kunne game da injin wasawa na kasuwa. Yana da amfani in baki ya ɓantare ƙwarai. Amma in aka danna wuƙa a kansa har ta yi zafi ta koma shuɗiya, taurin wurin ya tafi, kuma ba za ta ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin duka. Ku tambayi kowane maƙeri. A riƙa tsoma ta cikin ruwa a kai a kai.

Saura ɗaurawa. A kan wuƙar akwai ƙarfe na biyu, wanda aikinsa karya ɓawon katako kafin ya yage. A matso da shi kusa da baki, tazarar milimeta 1 ko ƙasa da haka ga icce mai murɗaɗɗiyar jijiya irin dogon yaro da maɗaci. Ya kwanta sosai, kada a bar kafar da ɓawo zai maƙale. Bayan an sa wuƙa, a kifa magogi a hango ta ƙarƙashinsa. Baki ya leƙo kamar kaurin takarda, kuma daidai a dama da hagu. Magogin ƙarfe yana da abin murɗawa da ɗan hannu na daidaita gefe. Na icce kuwa da ƙaramar guduma ake lallashinsa: a buga kan wuƙa ta fito, a buga bayan magogi ta koma. A share ƙasa daga katako, a cire tsofaffin ƙusoshi, domin rairayin hunturu yana cin kaifi fiye da iccen kansa. A bi kwanciyar jijiyar icce, kamar mai shafa gashin akuya daga wuya zuwa wutsiya.

Wani zai ce, ai akwai injin goge katako a Maraɗi, me ya sa za a wahala? Lalle akwai, kuma yana da sauri. Amma injin yana birni, ƙyaure yana ƙauye. Ranar da damina ta kumbura shi ya ƙi rufuwa, ba wanda zai ɗora shi a amalanke zuwa birni don a rage masa milimeta 2. Wani kuma zai ce wasawa ɓata lokaci ne. Wuƙar da ake kula da ita kullum, ƴan mintoci sun ishe ta. Wadda aka yi wa sakaci wata uku ita ce mai cin rabin yini.

Maganar lafiya ma tana ciki. Dakusasshen ƙarfe ya fi mai kaifi jawo rauni, domin sai an sa ƙarfi, kuma wurin sa ƙarfin ne hannu yake zamewa. In an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a wanke da ruwa da sabulu. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko garin katako, ko baƙin man mota. Ƙwayar cutar tetanos, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta rauni kuma take shiga. In raunin ya yi zurfi ko sartse ya karye a ciki, a tafi likita a ranar, a tambaya ko ana bukatar allurar rigakafi. Haka kuma katakon da aka goge da kaifi ba ya bukatar yawan gugar takarda mai yashi, ƙura sai ta ragu. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke kawo wannan ciwo a hanci. Mai aiki cikin ƙura ya rufe hanci da baki.

Roƙona ga iyayen gidan sana'a shi ne, yaro in ya zo koyo, a zaunar da shi gaban dutse tun makon farko, kafin a ba shi katakon mutane. Kafintoci da masassaƙan gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi dutse biyu, mai kaushi da mai laushi, gizago da lauje ma su amfana. Mu kuma masu kai aiki, mu duba ƙasan teburin kafinta kafin mu sauke katakonmu. In ɓawo ne dogaye masu naɗi, a sauke. In gutsattsari ne da gari, a ce masa za a jira ya wasa.