Kukuri ta Nepal: nauyi ba shi ne kyan wuƙa ba

Yau hirar tamu ta kai mu Nepal, wajen wuƙar da suke kira kukuri, wadda sojojin Gurka suka shahara da ita tun shigarsu rundunar Ingila a 1815.

Maƙeran can, ƴan ƙabilar Kami, da hannu suke ƙera ta, sau da yawa daga tsohon resor na kamyo, kamar yadda namu maƙeran ke yi. Tsawonta kan kai santimita 40 zuwa 45, nauyinta daga giram 450 zuwa 900. Bakin ya lanƙwasa ciki, nauyin ya taru gaba, shi ya sa take sara kamar gatari. Sirupate siririya ce mara nauyi, Bojpure kuwa mai faɗi ce.

To ga inda nake da magana. Masu saye daga waje sun ɗauka wai mai kauri da nauyi ita ce ta ainihi, har wasu maƙera suka koma ƙera ta ado don ƴan yawon buɗe ido. Amma manomin dutsen Nepal da zai wuni yana saran itace da ciyawa, wuƙar da ta zauna masa a hannu yake nema. In ta yi nauyi, kafin azahar wuyan hannu ya gaji, sara ya fara kaucewa, nan ne rauni ke zuwa.

In kasuwa ta ci gaba da biyan nauyi kawai, gwanintar daidaita wuƙa za ta mutu tare da tsofaffin maƙera. Ku fa, in za ku sayi adda, ɗagawa kuke yi ko kallo? Ku faɗa mana.